Ilisha Ya Bata

Gembu,
12 ga Maris, 1984.

Zuwa ga 'yata Malama Lucia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya aiki, yaya 'yan makaranta? Yaya jikin Baba Irmiya, idon nan ya yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya hana tsufana sakat.

Bayan haka, ƙanenki Ilisha ya iso ranar Alhamis, kwanansa huɗu a hanya. Direban ya ce da mota ta fara hawan dutse, yaron ya leƙa ta taga sau ɗaya, ya rufe ido, ya kama waƙar coci, bai buɗe ba sai da aka tsaya. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya girma a Taba, inda ko kaza ce ta ɓata ana iya hango ta daga Kudan, dole cikinsa ya ɗuri ruwa.

Ki kwantar wa Baba da hankali. Ni da marigayiya mahaifiyarku a wajen kakanni muka haɗu, amma zumunta a ƙafa take, yaron kuwa ya tako. Na samo masa aikin wucin gadi a ofishinmu na dabbobi. Kin san ɓarnar da cutar bushiya ta yi wa shanu bara, yanzu ana bin rugage ana yi musu allura. Mota ba ta zuwa inda shanun suke, sai ƙafa. Aikinsa ya goya akwatin ƙanƙara mai magani a ciki, ya bi mai allura, ya rubuta yawan shanu a rajista. Bai kai aikinsa na da a masaƙar Kaduna daɗi ba, amma a zamanin nan da ake sallamar ma'aikata kamar ana sheƙar hatsi, wanda ya samu ya riƙe da hannu biyu.

Doka ɗaya na kafa masa. Hanyar shanu kawai zai bi, inda saniya ba ta taka ba kada ya taka. Ya yi mini alkawari a gaban matata Bernice.

Barkono da mazarƙwailar da kika aiko mata na bata, tana godiya, ta ce rabonta da ɗanɗanon gida tun bikin Kirsimetin da ya wuce na can baya.

Ki yi haƙuri da rubutun. Keken rubutun ofis Bature ne, bai san ƙugiya ba, sai na bi da biro ina maƙala wa kowane harafi tasa.

Ni ne kawunki,
Timoti.

*

Taba, ta Kudan,
4 ga Afrilu, 1984.

Kawu Timoti,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama Bernice da duk mutanen gida. Mun gode, mun gode, Allah ya saka. Baba yana nan da sauƙi, sai dai idon ya tafi gaba ɗaya, yanzu rana da inuwa kawai yake rabewa.

Amma Kawu, da girmanka, akawu na shekara ashirin da biyar! Ka rubuta mini "na bata". Na dafe ƙirji na ce wayyo, Kawu ya ɓata a ƙasar duwatsu, ga shi har yana aiko da labari da kansa. Sai da na sake karantawa na gane ba ta ka yi. Kalma uku ce, Kawu: na, ba, ta. 'Yan aji ukuna in sun haɗe su kunne nake ja. Naka ya yi mini nisa.

Nan dai sai haƙuri. Ranar Laraba na je Makarfi layin sabulu da madara, tun hantsi har la'asar, soja na zagaya mu da bulala, da layi ya zo kaina aka ce kaya sun ƙare. Ajina ya koma rabi, iyaye sun janye yara sun tura su gonar rake. Ni ma kullum ina sauraron sunana a cikin waɗanda za a sallama.

Na karanta wa Baba wasiƙarka sau uku. Ka san shi a kan dutse aka haife shi can kudu, kafin aikin bishara ya kawo shi wannan fili. Ya ce a gaya wa Ilisha, a dutse hawa ƙarfi ne, sauka hankali. Ya ce wanda duk ya sani dutse ya ci, a sauka ya ci shi.

Ka sa masa ido, Kawu. Ban taɓa ganin mutum mai ƙin doguwar hanya irin Ilisha ba. Tun yana yaro in an aike shi Kudan, ta cikin raken mutane yake ratsawa, ya dawo jiki duk yanka yana dariya. Shi kaɗai ne namiji da ya rage wa Baba. Kullum da yamma sai ya sa na juya masa kujera ta fuskanci hanya.

'Yarka,
Lucia.

*

Gembu,
13 ga Mayu, 1984.

Yaya Lucia,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina Baba, ina mutanen coci, ina Ɗanliti mai kawo wasiƙa da kekensa mai kuka? Ni lafiyata ƙalau, sai farata biyu na ƙafa da suka yi sallama da ni.

Yaya, gani ya kori ji. Ƙasar nan ba ta da inda mutum zai ajiye ƙwarya ta zauna daidai. Ka hau tudu kana cewa shi ne na ƙarshe, kana kaiwa sama sai ka ga yayyensa bakwai a tsaye suna jiranka. Ba itace, ciyawa ce kawai kore shar har inda ido ya tsaya. Makon farko kuka kawai ban yi ba. Akwatin yana cin kafaɗa, numfashi ba ya isa, ga tsohuwa da buhun masara a baya ta zo ta wuce ni tana yi mini sannu. Yanzu na iya. Ba a kallon sama, gaban ƙafa ake kallo. Ba a miƙewa kai tsaye, karkacewa ake yi hagu da dama yadda shanu suke yi. Na sayi takalmin roba, na yanki sanda.

Akwai wani babban dutse da Fulani suke kira Hore Nagge, wai kan saniya. Ranar da na fara kaiwa ƙolinsa na duba ƙasa na ga gajimare a ƙarƙashina. A ƙarƙashina, Yaya! Na zauna na yi ta kallo har mai allura ya yi fushi. Tun da aka kore ni daga masaƙa ban ji ni mutum ne ba sai ranar. Ki gaya wa Baba yanzu na gane abin da ya sa yake yin shiru in ana zancen garinsu.

A gefen dutsen nan akwai rugar Arɗo Sambo, can muke kwana. A ɗaya gefen akwai ƙauye mai suna da harshena ya kasa, Bayan Dutse nake ce masa. Akwai ɗan coci, akwai mai wa'azi, mai wa'azin kuma yana da 'ya. Sunanta Rosaline. Ta ce tafiyata irin ta agwagwa ce. Yaya, ita nake so. Awarwaron azurfa na Mama da kika ce na matata ne, ki aiko mini da shi.

Yanzu ga wani zance tsakanina da ke. Daga ruga zuwa Bayan Dutse ta hanyar shanu awa bakwai ne. Ni na gano wata ta awa uku. Kafin a kai ƙoli, a hannun hagu, akwai wani dutse mai kama da turmi a kwance. Bayansa ciyawa ta fi mutum tsawo. In an kutsa, sai ga sawun birai ya gangara cikin kwari, gefen wani ruwa mai zubowa daga sama. A tsakiyar gangaren akwai kogo, har na ajiye ashana da gwangwani a ciki saboda ranar ruwa. Mutanen nan sun ce Kwarin Birai ba ya biyuwa, ni kuwa na bi shi sau huɗu.

Kada ki gaya wa Kawu. In ya ji, a mota zai sa ni ya maido ni Taba, kin kuwa san ba abin da zan dawo in yi. Na roƙe ki don Mama.

Ƙanenki,
Ilisha.

*

Taba,
6 ga Yuni, 1984.

Kawu Timoti,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kowa lafiya. Mun yi shuka, ruwa ya zauna. Baba ya yi mura ta kwantar da shi mako guda, ya tashi amma ya rame.

Na san ɗanka Ilisha ya riga ya fesa maka zancen Rosaline. Ga awarwaron Mama nan a ƙulle cikin hankici, na ba Ɗan'azumi direba da ke ɗauko shanu daga wajenku, na fi yarda da shi a kan gidan waya. Ka damƙa wa Ilisha hannu da hannu. A gidanmu haka ake yi, sai yarinya ta karɓi abin hannun uwar miji kafin manya su shiga nema.

Roƙona ɗaya. Ranar da ya ba ta, ka bugo mini waya, wato telegiram, kada ka tsaya rubuta wasiƙa. Wasiƙa mako uku take yi, ni kuma yadda nake ganin Baba ba na son in sa shi jiran mako uku a kan abin farin ciki.

Ka ce wa Ilisha, in ji yayarsa, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Zai gane.

'Yarka,
Lucia.

*

WAYA. Daga Gembu, 12 ga Yuli, 1984.
Zuwa ga Malama Lucia Irmiya, Taba, ta Makarfi.

ILISHA YA BATA KAN DUTSE TALATA. MUTANEN ROSALINE SUN FITO DUKA. MUN SHIGA NEMA. KI YI ADDUA. TIMOTI.

*

Taba,
15 ga Yuli, 1984.

Kawu na kaina,

Gaisuwa da murna! Jiya Asabar da hantsi Ɗanliti ya shigo da wayarka yana haki. Na karanta a tsaye a ƙofar gida, na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata Asibi ta fito da muciya a hannu.

Har yanzu dai ba ka daina haɗe kalmomi ba, Kawu. "Ya bata." To na yafe maka, yau ba ranar jan kunne ba ce. Kuma shi Ilisha duk faɗin ƙasar nan bai ga inda zai ba yarinya awarwaro ba sai kan dutse? Ya yi gadon Baba. Na ji daɗi da ka ce mutanenta sun fito duka, alama ce ba a raina mu ba. Tun da kun shiga nema, kai ne uba a can. Ka yi mana magana mai kyau, ka gaya musu mu talakawa ne amma ba mu da abin kunya.

Da ma ka ga Baba. Na durƙusa na gaya masa a kunne, sai ya ce in ba shi sandarsa. Ya miƙe tsakar gida ya taka rawar garinsu, wadda rabona da gani tun ina 'yar shekara goma. Yau a coci aka sanar, matan zumunta suka yi waƙa, har an fara gardamar launin anko a wannan tsadar. Baba ya ce akuyar nan ja kada a taɓa ta, ta biki ce.

Addu'a kuwa mun yi, ta godiya, har sau biyu.

Shekarar nan ba ta ba mu komai ba sai wannan, amma ya isa. Ka ce wa ango ya rubuto, ko soyayya ta shanye masa tawada?

'Yarka mai murna,
Lucia.

*

Gembu,
20 ga Yuli, 1984.

'Yata Lucia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai ta'aziyya. Da hannu nake rubuta wannan, ban iya zama gaban keken rubutu ba. Lafiyar jiki muna da ita.

Shirunki ya dame ni. Kwana takwas ke nan da na buga miki waya, kullum sai na leƙa gidan waya, ba amsa. Na ce wa Bernice wataƙila baƙin ciki ne ya ɗaure miki hannu, ko kuwa Baba ne labarin ya kayar.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Talata goma ga wata da sassafe Ilisha ya bar rugar Arɗo Sambo shi kaɗai. Ya bar akwati wurin mai allura, ya rataya jakarsa, ya ce zai kai saƙo Bayan Dutse ya dawo washegari. Awarwaron yana aljihunsa. Da rana ta yi tsaka gajimare ya sauko ya rufe dutsen, aka yi ruwa har yamma. Bai isa Bayan Dutse ba, bai koma ruga ba. Ilisha ya ɓata, Lucia.

Mun nema. Mutanen ƙauyen su Rosaline sun fito maza da mata, Arɗo ya ba da samarinsa da dawakai biyu. Mun bi hanyar shanu daga farko har ƙarshe sau biyar, mun leƙa kowane rami da ke gefenta, mun bi rafi har inda ya shiga babban kogi. Ni da tsufana na hau Hore Nagge sau biyu, na yi kiran sunansa har muryata ta dushe. Ko hularsa ba mu gani ba. Na nemi taimako a wajen hukuma, aka ce ba man mota, kuma shi ma'aikacin wucin gadi ne.

Yau mutane suka ce gonakinsu na jiransu. Ban hana su ba, kwana goma ba kwana ɗaya ba ne. An daina nema.

Abin da ya ɗaure mini kai, hanyar shanu ko makaho ya bi ta ba zai ɓata ba, kuma ya yi mini alkawari ba zai bar ta ba. In ya taɓa gaya miki wani abu, ko yana shirin tsallakawa Kamaru neman aiki, ko wani wuri da yake zuwa, ki faɗa mini. Ba zan yi fushi ba.

Amana kuka ba ni, na kasa riƙewa. Ki yafe mini.

Kawunki,
Timoti.

*

WAYA. Daga Makarfi, 8 ga Agusta, 1984.
Zuwa ga Malam Timoti, Gembu.

KU DUBA KWARIN BIRAI. HANYA TANA BAYAN DUTSE MAI KAMA DA TURMI HANNUN HAGU KAFIN SAMA. AKWAI KOGO A TSAKIYA. KU TAFI YAU. LUCIA.

*

Makarfi,
8 ga Agusta, 1984.

Kawu,

Ba ni da gaisuwa yau, ka yafe mini. A kan bencin gidan waya nake rubutu. Na zo kasuwa na biya na karɓi wasiƙarka, na buɗe ina murmushi, ina cewa ranar biki ce ka aiko.

Na ga ƙugiyar, Kawu. Da hannunka ka sa ta, ga ta nan a kan harafin ƙarara.

Na san hanyar. Tun watan Mayu na san ta. Ya rubuto mini, ya ce kada in gaya maka, ni kuma na riƙe masa asiri kamar wata abin kirki, na tsaya ina aika masa karin magana. Wayarka ta zo hannuna ranar sha huɗu ga wata. Da na karanta abin da ka rubuta, ba abin da nake so in ji ba, da ran Litinin amsa ta tafi. Ni da nake jan kunnen yara a kan kalma, na zauna na gyara maka rubutu, na yi guɗa.

Na buga maka waya yanzu. Ko an daina nema, ku koma. Ka roƙi Arɗo, ka roƙi baban yarinyar, ka durƙusa musu a madadina. Ya ce ya ajiye ashana a kogon. Akwai ruwa a kusa. Mutum yana iya daɗewa in akwai ruwa, ko ba haka ba?

Ban san da wane baki zan shiga gida ba. Da safen nan Baba yake tambayata ko amarya tana jin Hausa.

Lucia.

*

Gembu,
16 ga Agusta, 1984.

'Yata Lucia,

Gaisuwa, da fatan Ubangiji ya riƙe ki ya riƙe Baba. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Wasiƙarki ta murna ta riga wayarki isowa da kwana biyar. Na karanta ta ban gane ba, na ba Bernice ta karanta, sai ta ɗora hannu a ka. Ina cikin neman abin da zan rubuta miki wayar ta zo ranar Juma'a.

Asabar muka kwana a ruga. Lahadi da safe muka hau, ni da Arɗo Sambo da baban Rosaline da maza shida da igiyoyi. Dutsen turmin yana nan inda kika ce. Lucia, sau huɗu na wuce shi a watan jiya, sau ɗaya har na zauna a kansa na huta. Muka kutsa ciyawa muka sami sawun. Ba hanya ba ce, wurin da biri yake sa hannu ne. Ruwan sama ya zabtare wani gefe, ƙasa ta tafi da tsawon mutum huɗu. Nan ya faɗi.

A cikin kogon muka same shi. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa, ya ja jiki ya shiga. Ya riga ya tafi gida wurin Ubangiji. Ƙarar ruwan da ke zuba a wurin ta isa a ce mutum yana gefenka yana magana ba ka ji, shi ya sa duk kiran da muka yi daga sama ya tafi a banza.

Ba a iya fito da shi ba, gangaren ba ya ɗaukar mutum biyu da kaya. Baban Rosaline ya yi addu'a, muka sa shi a can ƙuryar kogon, muka jera duwatsu muka rufe. Arɗo da ba addininmu ɗaya ba shi ya ɗauko dutsen farko. Ki gaya wa Baba ɗansa yana kwance a wuri mai tsawo, irin inda ake sa mutanen garinsu.

Jakarsa tana wurina, da rajistar shanu, da awarwaron. Yana nan a ƙulle cikin hankicinki yadda kika aiko. Bai kai ga ba ta ba.

Kada ki ɗora wa kanki duka. A takardar wayar da na fara cikewa na rubuta "ba a gan shi ba". Da aka ce kowace kalma da kuɗinta, sai na soke na sa gajeriya. Shekara ashirin da biyar ina maƙala ƙugiya da biro, ranar nan ɗaya ban tuna waya ba ta ɗaukarta ba.

Ina ganin bai daɗe yana shan wahala ba.

Kawunki,
Timoti.

*

Taba,
5 ga Satumba, 1984.

Kawu Timoti,

Gaisuwa. Ina yi maka ta'aziyya kamar yadda ka yi mini. Ka gode wa Arɗo da baban Rosaline da duk wanda ya riƙe igiya.

Na gaya wa Baba, ban ɓoye masa komai ba, har da guɗar. Bai yi kuka ba. Ya tambaya, a hawa ne ko a sauka? Na ce a sauka. Ya gyaɗa kai. Daga ranar bai sake cewa a juya masa kujera ba, abinci ma sai na yi da gaske yake kai loma biyu. Akuyar ja an yanka ta ranar da mutanen coci suka zo zaman makoki, matan da suka yi gardamar anko su suka dafa.

Sunana ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Ban ji komai ba. Da ma duk hutun nan nake tunanin yadda zan sake tsayawa gaban allo in ce wa yaro ya yi kuskure.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka ce kana ganin bai daɗe ba. Kawu, kai akawu ne, ba ka rubuta "ina gani" a kan abin da ka sani. Kuma ka ce rajista tana jakarsa, Ilisha kuwa ba ya zama da takarda da biro bai yi rubutu ba. Ka kwafo mini abin da ke ciki, kada ka rage ko harafi. Rashin sanin ya fi cina.

Na biyu, awarwaron ba nawa ba ne, ba na gidan nan ba ne kuma. Inda ya nufa da shi nan za a kai shi. In ƙafarka za ta iya, ka kai wa yarinyar, ta hanyar shanu.

'Yarka,
Lucia.

*

Gembu,
28 ga Satumba, 1984.

'Yata Lucia,

Gaisuwa. Muna nan. Bernice ta ce kada in aiko miki da wannan, mun kwana biyu ba ma magana a kai. Amma ke kika tambaya, kuma na riga na ga abin da rage kalma yake jawowa. Ga abin da ke bayan rajistar, yadda ya rubuta.

"Laraba. Ƙafa ta karye jiya. Ina kogo. Akwai ruwa. Ashana ta jiƙe.

Alhamis. Kamar na ji ana kira daga sama. Na amsa. Ruwa ya fi ni murya.

Asabar. Gyaɗa ta ƙare. Kawu ka yafe mini alkawari.

Litinin. Kawu zai buga wa Yaya waya. Yaya ta san hanya.

Laraba. Ƙafar tana wari. Gajimare ya buɗe, na ga ƙolin dutse. Yaya ta san hanya.

Juma'a. Yaya ta"

Nan ya tsaya. Juma'ar nan ita ce ashirin ga Yuli, ranar da na sallami masu nema na zauna na rubuta miki wasiƙa.

Saƙonki na biyu kuma, ranar Talata na tashi. Awa tara na yi, ba bakwai ba, ƙafafun sun tsufa. Da na zo dutsen turmi ban tsaya ba. Na sami Rosaline a gonar masara bayan coci. Na gaya mata daga inda awarwaron ya fito, da wadda ta aiko shi, da inda ya kwana wata guda. Ta goge hannunta a zane ta miƙo duka biyu. Ba ta sa shi ba, ta riƙe shi ne kawai, ta tambaye ni sunan mahaifiyarku.

Kin ce ranar da aka bayar a sanar da ke. Ban je gidan waya ba, kuma ba zan ƙara zuwa ba. Ga shi da hannuna, kalma uku, kowace a rabe.

Na ba ta.

Kawunki,
Timoti.